Ranar da Tsoro Ya Baro Daji

*Fina-finan ban tsoro na Faransa, da mutumin da ya kasa haƙuri da rashin sani*

Bahaushe ya daɗe da yanka wa tsoro mazauni. Ya ce tsoro na daji ne, kunya ta gida. A tatsuniyoyinmu dodo yana can bayan ganuwa, ko ƙarƙashin ruwa, ko gindin wata tsohuwar tsamiya, kuma yarinyar da ya kama ita ce wadda ta ƙetare iyakar da aka gindaya mata. Muddin kana cikin gari, ka rufe ƙofa, ka yi addu'a, to abin da ba ka sani ba yana waje, kai kana ciki. Shahararrun fina-finan ban tsoro na duniya a kan wannan tsari suke. A *The Exorcist* na Amurka (1973), shaiɗani ne ya zo daga wani wuri ya shiga jikin yarinya, aka kira limaman coci su fitar da shi. A *Ringu* na Japan (1998), fatalwa ce ta taso daga rijiya. Akwai ciki, akwai waje, akwai kuma ƙofar da aka yi sakaci da ita.

Shekaru da dama ina kallon fina-finan ban tsoro na Faransa, kuma abin da suke bari a raina ya sha bamban da wannan. Da wuya su sa in zabura a kan kujera. Sai bayan kwana biyu in tarar fim ɗin yana nan yana sukata, kamar ƙayar da ta karye a tafin ƙafa. Dalilin, a ganina, shi ne Faransawa sun ɗauko tsoro daga daji sun shigo da shi gida. A mafi ingancin fina-finansu babu aljani, babu fatalwa. Akwai likita, da shugaban makaranta, da mai gabatar da shirin talabijin, da wata dattijuwa mai tsafta da ladabi. Abin da ba a sani ba yana nan daram, amma ɓarnar daga hannun mutum take fitowa: ko wanda ya kasa haƙuri da rashin sani har ya nufi jikin wani da wuƙa don ya zaƙulo amsa, ko wanda ya sani sarai ya binne.

Gargaɗi kafin mu ci gaba: zan faɗi yadda *Les Yeux sans visage* da *Caché* da *Martyrs* suka ƙare.

Ƙasar da ta sallami gaibu

A watan Nuwamba na 1793, ana tsakiyar juyin juya hali, an mayar da majami'ar Notre-Dame ta birnin Faris wurin bikin girmama hankalin ɗan Adam. Abin bai ɗore ba, amma ya nuna alƙibla. A 1905 aka kafa dokar da ta raba addini da gwamnati, wadda har yau take cikin ginshiƙan ƙasar. Faransawa da yawa sun ci gaba da ibadarsu, sai dai a makaranta da kotu da asibiti gaibu ya rasa kujera. Ƙasar Descartes ce, masanin falsafar da ya koyar cewa kada mutum ya karɓi wani abu a matsayin gaskiya sai ya bayyana ga hankalinsa ƙarara.

A irin wannan ƙasa Shaiɗan ya fi saurin zama abin nishaɗi. Fim ɗin da ake yawan kira na farko a wannan fanni, *Le Manoir du diable* na Georges Méliès (1896), minti uku ne da ɗan ɗoriya: jemage ya shigo ya rikiɗe ya zama Shaiɗan, ƙwarangwal ya bayyana ya ɓace, daga ƙarshe aka kori la'ananne da gicciye. Méliès ɗan dabo ne tun kafin ya taɓa kyamara, kuma rufa-ido yake sayarwa. 'Yan kallo sun zo ne su sha mamaki su yi dariya.

Tsoro na gaske a wani lungu ya tsiro. A 1897 aka buɗe gidan wasan kwaikwayo na Grand-Guignol a unguwar Pigalle, cikin wani tsohon ɗakin ibada da kujerunsa ba su kai 300 ba. Wanda ya kafa shi, Oscar Méténier, ya taɓa aikin sakatare a ofishin 'yan sanda, kuma daga irin abin da ya gani a can aka fara ɗebo labarai. Wasannin gidan sun fi karkata ga asibitin masu taɓin hankali, ɗakin tiyata, kurkuku, da ɗakin kwanan ma'aurata. Babban marubucinsa, André de Lorde, ya rubuta wasu wasanninsa tare da Alfred Binet, masanin halayyar ɗan Adam da ya ƙirƙiro gwajin auna basirar yara. Har likita aka ɗauka domin masu suma. An rufe gidan a 1962, shugabansa na ƙarshe kuma ya danganta mutuwarsa da sansanonin 'yan Nazi: kafin yaƙi mutane suna ɗauka abin da ke kan dandamali ba zai taɓa faruwa ba, bayan yaƙi sun san ya faru, har da wanda ya fi shi muni.

Wannan shi ne gadon da silimar Faransa ta ci. Ko a inda ta yarda matattu su tashi, yadda take karɓarsu abin lura ne. A *Les Revenants* na Robin Campillo (2004), mamata sun fito daga maƙabarta cikin natsuwa suna tafiya a titi, sai majalisar gari ta zauna tana tattauna inda za a saukar da su da yadda za a mayar da su bakin aikinsu. Ko tashin matattu ma sai da aka buɗe masa fayil.

Gawar da ta ƙi zama inda aka ajiye ta

*Les Diaboliques* na Henri-Georges Clouzot (1955) ya faru ne a wata makarantar kwana ta maza da ta fara lalacewa. Shugabanta, Michel, azzalumi ne mai ciyar da yara rubabben kifi. Matarsa Christina, mai ciwon zuciya da riƙon addini, da farkarsa Nicole, malama a makarantar, suka haɗa baki. Suka ja shi zuwa garin Niort, suka sa masa maganin barci a giya, suka danne shi a bahon wanka, suka ɗauko shi cikin babban kwando suka jefa a tafkin ninkaya na makarantar, da nufin idan ya taso a ce hatsari ne. Kwanaki suka wuce bai taso ba. Aka zuƙe ruwan. Babu kowa a ciki.

Daga nan Clouzot ya riƙe mai kallo a tsakanin bayani biyu. Kwat ɗin da mutumin ya mutu a ciki ta dawo daga wajen masu wanki da guga. Wani yaro ya rantse shugaban makaranta ne ya hukunta shi ɗazu. A hoton da aka ɗauki 'yan makaranta, ga inuwar wani a taga. Christina ta fara gaskata cewa hukuncin Ubangiji ne ya biyo ta. Nicole ta nace cewa komai yana da dalili. Kusan babu kiɗa a fim ɗin bayan rubutun farko, don haka babu abin da ke gaya wa zuciyarka lokacin da ya kamata ta buga. Sautin famfo ne, da takun sawu a baranda, da ƙarar keken rubutu cikin dare.

A ƙarshen fim ɗin Clouzot ya sa rubutu yana roƙon 'yan kallo kada su ba abokansu labarin abin da suka gani, kuma zan riƙe masa amanar. Abin da zan faɗa kawai shi ne, da amsar ta zo, na gwammace a ce fatalwa ce. Fatalwa tana da iyakar abin da za ta yi maka. Wanda kuke cin abinci a kwano ɗaya ba shi da ita.

Idanu ba fuska

Georges Franju, wanda tare da Henri Langlois suka kafa taskar adana fina-finai ta Cinémathèque française a 1936, ya fara suna ne da wani gajeren fim na gaskiya, *Le Sang des bêtes* (1949), a kan mayankar dabbobi ta Faris. Mu da muka tashi muna ganin yankan layya, jini ba zai razana mu ba. Abin da ke tsaya wa mutum a wuya shi ne natsuwar: mahauta suna aiki cikin ƙwarewa, mai sharhi yana bayani da murya mai sanyi, a bayan katanga kuma yara suna wasa. Shekara huɗu ke nan da ƙare yaƙin duniya, kuma masu kallo da yawa sun gane abin da yake tuna musu.

Da ya zo yin *Les Yeux sans visage* (1960), wato idanu ba fuska, an ruwaito cewa furodusansa ya gindaya masa sharuɗɗa uku saboda hukumomin tace fina-finai: kada jini ya yi yawa don Faransawa, kada a azabtar da dabbobi don Ingilawa, kada a nuna mahaukacin likita don Jamusawa, waɗanda likitocin sansanonin Nazi ke damun lamirinsu. Labarin kuwa na likita ne da ke gwaji a kan karnuka yana yanke fuskokin 'yan mata. Mafitar da Franju ya samu ita ce ta ɗaukaka fim ɗin: ya cire wa likitan hauka. Farfesa Génessier mutum ne mai mutunci, ana tafa masa a wajen lacca, yana duba yaro marar lafiya da tausayi. Tuƙin gangancinsa ne ya jawo hatsarin da ya lalata fuskar 'yarsa Christiane, shi kuma ya ƙudurta sai ya gyara. Ya sanar wa duniya ta mutu, ya binne gawar wata a madadinta, ya ɓoye ta a gidansa na bayan gari, ya sa an cire madubai. Mataimakiyarsa Louise tana yawo a Faris cikin ƙaramar mota tana yaudaro ɗalibai mata masu kama da ita.

Wuri biyu ne ba sa barin wanda ya gani. Na farko ɗakin tiyata: fensir ya zagaye fuskar yarinya, wuƙar fiɗa ta bi layin, aka jera almakasai, aka ɗaga fatar gaba ɗaya. Babu kiɗa, babu ihu, kyamara ba ta kau da kai ba, Louise tana share wa likita gumi. An ce mutum bakwai ne suka suma da aka nuna shi a bikin fina-finai na Edinburgh. Na biyu ya fi shiru, ya kuma fi ciwo. Aikin ya yi kyau, Christiane ta zauna cin abinci da sabuwar fuska. Sai aka jero hotunanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne da kwanan wata, muryar uban tana bayyana yadda fatar take ruɓewa kamar mai karanta rahoton gwaji. 'Yarsa ce, amma a wannan lokaci ta zama darasi.

Tsakanin waɗannan, Édith Scob tana yawo a gidan sanye da farar fuskar roba da ba ta motsi, idanunta kaɗai ke raye. Takan ɗaga waya ta kira saurayinta da ke zaton ta mutu, ta saurari muryarsa. Franju ya ce shi fim ɗin zullumi ya yi, abin da ya fi tsoro shiru, ya kuma fi shi ratsa jiki. Hausa ta san wannan bambanci: tsoro yana da abin da yake kallo, zullumi kuwa jira ne.

A ƙarshe Christiane ta saki yarinyar da ke kan gadon tiyata, ta soke Louise, ta buɗe wa karnuka, suka yayyage fuskar ubanta. Ita kuma ta fita cikin dare da kurciya a hannu, ta nufi itatuwa. Karin maganarmu ta juye ke nan: gida ne wurin tsoro, daji ya zama mafaka.

A Nuwamban 2005, shekara 45 bayan fim ɗin, likitoci a garin Amiens na Faransa suka yi dashen wani sashe na fuska karo na farko a duniya, da yardar marar lafiyar, daga wata da ta riga ta rasu. Ashe burin Génessier mai yiwuwa ne. Laifinsa shi ne ya ƙi jiran ilimi ya iso, ya sa 'ya'yan wasu suka biya kuɗin gaggawarsa.

Abin da aka sani aka ƙi faɗa

Akwai wani rashin sanin da mutum ke ƙera wa kansa. A *Caché* (2005), wanda Michael Haneke ɗan Ostiriya ya shirya da Faransanci a Faris, Georges mai gabatar da shirin adabi a talabijin ya fara samun kaset ɗin bidiyo a ƙofarsa. Babu komai a ciki sai hoton gaban gidansa na tsawon sa'o'i. Babu barazana, babu neman kuɗi. Wani dai yana kallo. Sannu a hankali kasusuwan suka kai shi ga Majid, ɗan wasu 'yan Aljeriya da suka yi aiki a gonar iyayensa. Iyayen Majid sun tafi zanga-zangar 17 ga Oktoba 1961 a Faris ba su dawo ba. A wannan dare 'yan sanda ƙarƙashin Maurice Papon suka kashe 'yan Aljeriya, aka jefa wasu a kogin Seine. Masana tarihi suna sa adadin daga gomomi zuwa ɗaruruwa, kuma sai a 2012 shugaban ƙasa François Hollande ya amince a hukumance da abin da ya faru. Iyayen Georges sun so su riƙe maraya, shi kuma yana ɗan shekara shida ya yi masa ƙarya har aka kai shi gidan marayu.

Fim ɗin bai taɓa faɗin wanda ya aiko da kasusuwan ba. Mutane sun yi ta muhawara a kai, alhali tambayar da ke da amsa tana gabansu: Georges ya san abin da ya yi tun daga farko. A ƙarshe ya haɗiyi ƙwayar barci, ya ja labule, ya kwanta. A nan tsoro da kunya suka haɗu a ɗaki ɗaya.

Cikin shekarar da fim ɗin ya fito, unguwannin gefen biranen Faransa suka kama da wuta bayan mutuwar wasu samari biyu a Clichy-sous-Bois, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci da wata doka ta 1955 da aka yi domin yaƙin Aljeriya. Fina-finan ban tsoro da suka biyo baya sun ɗauki wannan zafi. A *À l'intérieur* (2007), tarzoma tana ci a talabijin, hankalin 'yan sanda yana can, amma wadda ta shigo wa mai juna biyu gida da almakashi Bafaranshiya ce cikin baƙar riga. Kowa yana duban inda aka ce masa haɗari yake.

Shaida

Mai sharhi James Quandt ya raɗa wa fina-finan wannan zamani suna a 2004, yana kukan yadda suka wuce gona da iri wajen nuna jiki da jini. Wanda ya fi kowanne tsanani, kuma ya fi kowanne kusa da batunmu, shi ne *Martyrs* na Pascal Laugier (2008).

Rabin farko ya ba ka dodo. Lucie, wadda ta tsere tana yarinya daga inda aka tsare ta ana azabtarwa, ta dawo bayan shekara 15 ta harbe wani iyali suna karin kumallo, wata halitta mai tabo kuma tana binta tana yankarta. Sai fim ɗin ya karɓe dodon: babu wata halitta, hoton matar da Lucie ta bari a baya ne ranar da ta gudu, kuma ita ke yankan kanta. Ƙawarta Anna ta gano cewa a ƙarƙashin wannan gida mai tsafta akwai ɗakunan tsare mutane. Masu su wata ƙungiyar attajirai ce, shugabarsu dattijuwa da ake kira Mademoiselle. Ba sa jin daɗin azabar, ba sa fushi, aiki suke yi bisa tsari. Sun yi imani cewa idan aka kai mutum maƙurar wahala, zai hango abin da ke bayan mutuwa yana da sauran numfashi, ya ba da labari.

Anna ta kai wannan matsayi. Ta raɗa wa Mademoiselle wani abu a kunne, mu ba mu ji ba. 'Yan ƙungiya suka taru a falo cikin kwat suna jiran bushara. Dattijuwar, tana bayan ƙofa, ta tambayi hadiminta ko yana iya kwatanta abin da ke bayan mutuwa. Ya ce a'a. Ta ce masa ya ci gaba da shakka, ta harbe kanta.

Fim ɗin ya rufe da bayanin cewa kalmar da ke sunansa ta fito ne daga kalmar Girkanci mai nufin wanda ya gani da ido. Mai jin Hausa ba ya buƙatar wannan bayani, domin shahidi da shaida da shahada duk tushensu ɗaya a Larabci. Malamanmu kuma sun raba samuwa gida biyu, gaibu da shahada, abin da aka ɓoye da abin da aka bayyana. Ƙungiyar Mademoiselle mutane ne da suka rasa imani amma ba su rasa ƙishirwarsa ba, suka ce sai sun jawo gaibu cikin shahada da ƙarfin tsiya, a kan fatar 'yar wani. Ko mene ne Anna ta faɗa, bai amfani kowa a falon nan ba.

Inda abin ya shafe mu

Da sauƙi mu ce wannan ciwon Turawa ne, mu muna da inda muke ajiye abin da ya fi ƙarfin saninmu. Akwai gaskiya a ciki. Malami yakan rufe fatawa da cewa Allah ne mafi sani, kuma an ruwaito cewa Imam Malik, wanda mazhabarsa muke bi, an taɓa kawo masa tambayoyi masu yawa ya amsa mafi yawansu da cewa bai sani ba. Al'adar da ta ɗauki wannan amsa a matsayin ilimi ta mallaki abin da Génessier ya rasa.

Sai dai mallaka dabam, amfani dabam. Idan yaro ya rasu farat ɗaya aka kasa gane dalili, sau nawa ake nemo wata tsohuwa marar gata a ce mayya ce? Mai taɓin hankalin da aka ɗaure da mari ana duka don aljani ya yi magana, da wanda ake tuhuma da ake jibga har ya amsa laifin da bai yi ba, dukansu a ɗakin ƙasan Mademoiselle suke: wani ya kasa zama da tambaya, sai jikin mai rauni ya zama wurin haƙar amsa. Mu da muka yi karatun zamani ma muna da namu salon. Likitan da ke ƙara magani a kan magani don kada ya ce wa iyali iyakar saninsa ke nan, da jami'in da ke cika rahoto da tabbacin da ba shi da shi, suna jin nauyin kalma uku ne da Imam Malik bai ji nauyinsu ba. Muna kuma da irin Georges: gidaje da garuruwa da ke da abin da kowa ya sani, ba mai faɗa.

Rashin sani ya fi dare duhu, in ji magabata. Abin da fina-finan nan suka ƙara mini shi ne duhun iri biyu ne. Akwai wanda ke jiran a kunna masa fitila, kamar daren 17 ga Oktoba, wanda barinsa zalunci ne. Akwai wanda ba a ba mu fitilarsa ba, wanda kutsawa cikinsa da wuƙa shi ne zaluncin. Mugayen silimar Faransa duk mutane ne masu ilimi da suka kasa bambance su.

Wanda yake son ya gwada, ya fara da *Les Diaboliques*, sannan *Caché*. *Martyrs* ba dole ba ne, kuma ba na ba mai raunin zuciya shawarar ya kusance shi. Amma *Les Yeux sans visage* ya cancanci daren kowa. Idan aka zo wurin tiyatar, ido zai so ya tsaya a kan yarinyar da ke kwance. A daure a dubi likitan.